Ga Yaran Bakin Kwara, Kan Abin da Kuke Kallo da Sauraro

'Ya'yana da jikokina na Yelwa, da Wara, da Birnin Yawuri, da Shanga, da ku na tungayen bakin ruwa, Allah ya yi muku albarka. Da yawanku kun ɗauka duk mai furfura ba ya ga maciji da waya, da ya ga yaro ya sunkuya a kanta sai tsaki. Ni ba na cikin waɗannan. Ina kallo, ina sauraro, ina kuma karatu gwargwadon yadda ido ya bari, kuma akwai abubuwan da aka fitar a 'yan shekarun nan da suka kwanta mini a rai ƙwarai. Zan faɗa muku su, daga baya kuma in roƙe ku wata alfarma.

A cikin shirye-shiryen talabijin, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 shi ne na gaba a wurina. Tashar ta fara aiki a 2014, shirin ya biyo baya ba da jimawa ba. Abin da ya ja ni gare shi, mutanen cikinsa irin namu ne. Ga malamin tsangaya da almajiransa, ga magidancin da cefane ke gagara, ga waɗanda rikici ya koro daga garinsu suka zo neman mafaka, ga yaron da shaye-shaye ya ɗauke wa hankali. Gidajen na ƙasa ne, tufafin irin waɗanda muke sawa ne. Idan Kamaye da Adama suka fara cacar baki, za ka rantse ka taɓa jin irinta ta bayan katangarka. Ana dariya, amma bayan an kashe akwati akwai abin da ke saura a zuciya.

Sai Kwana Casa'in, wanda aka fara a 2019. An ƙirƙiro wata jiha mai suna Alfawa, aka nuna yadda ake ƙulla siyasa a ɗaki kafin a fito da ita fili: yadda ake sayen bakin ɗan jarida, yadda ake ba samari 'yan kuɗi da ƙwaya su tare hanya, yadda talaka ke rasa ɗansa a asibitin da babu magani. Duk saurayin da wani zai ɗauka a mota lokacin zaɓe, ina so ya fara kallon wannan shiri, ya ga inda irinsa ke ƙarewa. Labarina na Aminu Saira kuwa, wanda ya fito a 2020, na san shi ne abin ƙaunar yawancinku, musamman 'yan mata. An iya ɗaukar hoto, an iya tsara magana, ban da ta cewa a kan wannan.

Ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani. Ranar kasuwa, ku lura da rumfar mai cajin waya. Wayoyi jere a kan katako, kowace da lambarta a manne, janareta na ƙara a baya, mai rumfa na gaban kwamfuta. Yaro zai zo daga tunga, hannunsa bai gama bushewa daga ƙarnin kifi ba, ya ciro memori daga cikin ƙullin leda, ya miƙa kuɗi ya ce a cika masa. Ba ya faɗin abin da yake so. Mai rumfa ne zai zaɓa masa: fassarar Indiya, waƙoƙin biki, barkwanci, da wasu abubuwan da ba zai yarda ƙanwarsa ta gani ba. Yaron nan zai kwashe mako guda yana zuba wa kansa abin da wani ya ga dama. Alhali shi ɗin nan, in ya jawo taru, ba ya kwashe duk abin da ya shigo ya kai gida. Yana ware giwan ruwa da tarwaɗa gefe, ya zubar da ciyawa da tarkace. Haka nake so ku yi da abin kallo. Ku shiga rumfa da sunan abin da kuke nema a bakinku.

Dalilina shi ne, na ga abin da kallo marar zaɓi ke yi wa gida. Akwai finafinan da ba su san talaka ba sai a matsayin mai gadi ko 'yar aiki. Kowa a gidan bene yake, kowa da mota, ba a taɓa nuna inda kuɗin ya fito ba. Yaron da ya sha irin wannan dare da rana, wata rana zai dubi mahaifinsa yana ban ruwan albasa a fadama ya ji kunya ta kama shi. Albasar nan kuwa ita ake lodawa a manyan motoci zuwa kudu, ita ta biya kuɗin makarantarsa, ita za ta yi masa aure. Yarinya ma ta shiga ɗakin miji da lissafin lefen da ta gani a fim, ta tarar da ɗaki ciki da rumfa, zaman ya ƙi daɗi tun kafin lalle ya goge. Ba laifin mijin ba ne, ba kuma nata ba ne gaba ɗaya. An nuna mata rayuwar da ko masu wasan ba ita suke yi ba.

A fagen waƙa, Aminu Ala nake yawan saurara, domin yana girmama harshe, yana auna kalma kafin ya ajiye ta. Na ji Jarumar Hamisu Breaker lokacin da ta cika gari a 2020, ana kulle a gida saboda annobar korona. Muryar yaron na da daɗi, wannan gaskiya ce. Ban hana ku waƙar soyayya ba, kakanninku ma sun yi tasu a dandali. Abin da nake roƙo, ku riƙa sauraron abin da ake faɗa, kada kiɗa ya rufe muku kunne. Waƙar da ba za ka iya maimaita kalmominta a gaban mahaifiyarka ba, ka tambayi kanka me ya sa take cikin wayarka. Waƙar siyasa da ke zagin uban wani kuwa, ko ɗan jam'iyyarku ne ya biya aka yi ta, ku bar ta inda kuka gan ta. Zaɓe zai wuce, maƙwabci yana nan.

Abin da ke sosa mini rai, yaro ya haddace mawaƙan Kano da Kaduna kaf, amma a ambaci Ɗandawo ya yi shiru. Aliyu Ɗandawo babban makaɗin fada ne da ya zo ya zauna a Yawuri, ɗansa Alhaji Sani ya gaje shi, har sunan garin nan ya manne da nasa duk inda aka sa waƙarsa a rediyo. Ana lissafa gidansu tare da su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kuma ɗalibai a jami'o'i suna rubuce-rubuce a kan waƙoƙinsu. Ku nemi waƙoƙin nan, ku zauna ku ji yadda jagora ke jefa magana 'yan amshi su cafe, yadda ake jero asalin mutum da kakanninsa, yadda ake zambo ba tare da ashar ba. Haka Aƙilu Aliyu, mai Fasaha Aƙiliya, haifaffen Jega ne, ɗan jiharku. Wanda yake son ya iya rubuta waƙa, ƙofar nan ce.

Littattafai su ne suka fi shan wahala a zamaninku, na sani. Amma ba a daina rubutu ba. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla, kuma labarin da ya fara cinye ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan mutanen da rikici ya raba da gidajensu ne. Ana karanta labaran a rediyo, don haka ko mai bandar kifi tana gaban wuta za ta iya ji. Kafin su akwai Balaraba Ramat Yakubu, wadda littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya nuna abin da ke samun mace da 'ya'yanta idan miji ya juya musu baya. Har Turanci an fassara shi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuwa, ko da ya tsufa, duk gidan da ke da yara ya kamata a same shi. Su kuma labaran da ake turo muku shafi-shafi ta WhatsApp, akwai masu kyau, akwai marubutan da ke da baiwa ta gaske a cikinsu, akwai kuma waɗanda batsa ce kawai aka yi wa riga. Kun fi ni sanin wanne ne wanne.

Akwai littafi guda da nake so kowane ɗan makarantar sakandare a ƙasar nan ya san da shi. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato a shekarun 1980, ya wallafa The Hausa Factor in West African History a 1978. Da Turanci ya rubuta shi. Ya bi sawun fatake da malamai da masu sana'a na Hausa, yadda suka bazu har Gwanja wajen fataucin goro, kuma ɗaya daga manyan hanyoyinsu ta ƙasar Yawuri ta ratsa kafin a ƙetare Kwara. Bincikensa na farko ma a kan mulkin Yawuri ya yi shi. Masana a ƙasashen duniya suna kafa hujja da aikinsa. Ku da kuka yi boko, ku nema ku karanta, ku zo ku ba na gida labari da Hausa.

Yanzu ga alfarmar. Kusan duk labaran da kuke kallo a Kano ko Kaduna ko Abuja suke faruwa. Namu fa? A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwa ya taso ya haɗiye tsohuwar Busa da gungaye da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutum sama da 40,000 aka kai su sababbin matsugunai. Gungawa da suka gaji zaman tsibiri kaka da kakanni, suna noman albasa a bakin ruwa, suka wayi gari a tudu cikin gidajen siminti da ba su saba da irinsu ba. Makabartu sun tafi ƙarƙashin ruwa, da tsamiyoyin da ake hira a gindinsu. Wutar da aka samar ta haskaka birane masu nisa. Wanda yake ɗan shekara goma a lokacin, yau ya doshi saba'in. Suna nan a cikinku, wasu a zaurenku suke kwana. Duk shekara kuma muna raka wasu makwanci, kowanne da abin da ya sani.

Ba wannan kaɗai ba. A 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da Yelwa mazaunin sarauta. A da can Birnin Yawuri ne babban gari, ragowar ganuwarsa na nan. A 1830 Turawa biyu 'yan'uwa, su Landa, sun zo fadar Yawuri suna cigiyar takardun wani Bature, Mungo Park, da ya halaka a Busa. Gunganci da Shanganci suna ja da baya, domin yara da yawa Hausa kawai suke ji. Ga kuma abin da ya same mu a idonku: jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 da ɗimbin 'yan kasuwa, mata da yara, sannan a watan Yuni na shekarar aka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sanyaya zukatan iyaye. Jaridu sun ba da labarin kwana kaɗan suka wuce. Mu da muka zauna da shi, mu ne za mu iya faɗinsa yadda yake.

Wayar da kuke kallo da ita tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoto. Ku je wurin Kaka ko Baba tsoho bayan la'asar, ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini kafin ku kunna komai. Kada ku ce "ba ni tarihi", za su ce ba su san komai ba. Ku tambayi ƙananan abubuwa. Yaya sunan gungunku? Me kuka fara ɗauka ranar tashi? Wa ya ƙi shiga jirgi? Wace waƙa mata ke yi wajen daka, wace ake yi in an kama babban kifi? In tsohuwa ta koma harshenta na gado, kada ku katse ta, ku bar ta ta zuba, fassara ta zo daga baya. In hawaye ya zo mata, ku kashe waya ku jira. Wanda kuma ya rasa nasa a ruwa ko a hannun 'yan bindiga, ba a ɗora kukansa a intanet don a tara masu kallo. Sai abin da ya yarda a fitar.

Daga nan mai alƙalami ya rubuta. Ke 'yata da kike cinye littafi a dare ɗaya, gasar Hikayata ba ta hana 'yar Shanga ko 'yar Ngaski shiga ba. Kai da kake da murya, ga Sarkawa da homa da mamari, ga 'yan warangi masu fita da fitila cikin dare, ba su da mai yi musu waƙa a wayoyinku. Lokacin bikin Rigata, maimakon kowa ya ɗauki fuskarsa, wani ya je ya zauna da masassaƙin jirgi, ya tambaye shi wane itace yake nema da yadda yake toshe ɓaraka.

Duk abin da kuka ɗauka, ku fara da faɗin sunan mai magana, da garinsu na asali, da ranar da aka yi hirar. Ku kwafe shi wuri biyu, ɗaya a memorin da ba ya fita daga gida, ɗaya a wurin wani malamin makaranta ko ɗan'uwa da kuka amince da shi, domin wayar mutumin bakin ruwa ba ta daɗewa ba ta faɗa kogi ba. Allah ya raya ku, ya tsare ku a ruwa da tudu.