DARASI: RIƘON 'YA'YA BAYAN RABUWAR AURE

'Yan'uwa cikin Kristi, a Ikilisiyoyinmu muna yawan ganin wani abin baƙin ciki. Aure ya rabu, sai ɗaya daga cikin iyayen ya kwashi yara daga Kaduna zuwa Filato, ko daga Kano zuwa Binuwai, ba sallama, ba shawara. Wanda aka bari sai dai ya ji labari a bakin maƙwabta. Bari mu duba abin da Littafi Mai Tsarki da Ikilisiya da dokar ƙasa suke koya mana a kan wannan.

1. Hukuncin Sulemanu

A cikin 1 Sarakuna 3:16-28, mata biyu sun kawo wa Sarki Sulemanu gardama a kan jariri ɗaya. Da sarki ya ba da umurni a raba yaron biyu da takobi, sai uwar gaskiya ta yarda ta rasa shi domin ya rayu. Da haka aka gane ta. Ma'aunin ke nan har yau: mai ƙaunar ɗa shi ne wanda ya iya danne haƙƙin kansa saboda lafiyar ɗan. Wanda ya gudu da yaro zuwa wata jiha don ya ƙuntata wa abokin aurensa ya raba yaron biyu, ko da bai zare takobi ba.

2. Koyarwar Ikilisiya

Mun sani sakin da kotu ta yi ba ya kwance igiyar auren sakramenti. Duk da haka, Katikizim na 1992, a lamba 2383, ya yarda a nemi sakin kotu idan babu wata hanyar kāre haƙƙi ko kula da 'ya'ya. Dokokin Ikilisiya na 1983 kuma, a doka ta 1154, sun wajabta a tanadi ciyar da yara da tarbiyyarsu duk lokacin da ma'aurata suka rabu. Zaman ɗaki ɗaya yana iya ƙarewa, amma uba yana nan uba, uwa tana nan uwa.

3. Dokar ƙasa

Ga waɗanda suka yi auren rajista, dokar shari'o'in aure ta 1970 ce take aiki, kuma Babbar Kotun jiha ce take sauraron ƙarar. Sashe na 71 ya sa amfanin yaro a gaba da kome. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ƙarfafa wannan ƙa'ida. Saboda haka biyan sadaki bai mai da ɗa kayan uba ba, shayarwa kuma ba ta mai da shi kayan uwa ba. Idan kotu ta ba wani riƙo, ta ba ɗayan izinin ziyara, ƙetare iyakar jiha ba ya soke wannan hukunci.

4. Idan ƙaura ta zama dole

Wani lokaci canjin wurin aiki, ko tashin hankali, ko duka a gida, yakan tilasta tafiya. Inda akwai haɗari ga rai, a fara tsira, sa'an nan a sanar da hukuma. In ba haka ba, a yi shawara tun kafin a ɗaure kaya. A zauna gaban Fada da dattawan dangi biyu, a rubuta wanda zai biya kuɗin makaranta da na mota, da inda yara za su yi hutun Kirsimati da na Ista. Idan akwai hukuncin kotu, a koma kotu a nemi izini. A tafi da katin baftisma na kowane yaro, a miƙa shi ga katikis na sabon wuri, domin kada koyon addini ya yanke. Kada kuma a zagi uba ko uwa a kunnen yaro, gama rabin jininsa ake zagi.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Idan irin waɗannan yara suka sauka a cikinmu, Zumuntar Mata da sauran ƙungiyoyi su karɓe su hannu biyu.

Tambayoyi don tattaunawa:
(a) Me ya nuna uwar gaskiya a gaban Sulemanu?
(b) Wane taimako Ikilisiyarmu take bai wa iyayen da aka raba da 'ya'yansu?

Allah ya kiyaye gidajenmu. Amin.