Yadda Ake Jarraba Manhajar Lissafin Zakka da pytest

A kasuwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, inda hajar da ta taso daga gaɓar teku a Duwala take sauka bayan ta ratso Garwa-Bulai, duk saurayin da ya rubuta wa maigidansa manhajar fitar da zakka da harshen Python ya ɗauki amana mai nauyi, domin kuskurensa ko dai ya tauye haƙƙin miskinai ko ya ci dukiyar attajiri ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka wajibi ne ya jarraba kowane yanki na aikinsa shi kaɗai, kamar yadda mai awo yake gwada sikelinsa da dutsen da ya san nauyinsa.

Wannan fanni na jarraba manhaja yanki-yanki ya bunƙasa tun da Kent Beck da Erich Gamma suka ƙirƙiro JUnit a 1997, amma abin da na fi so ga mai farawa shi ne pytest, wanda Holger Krekel ya assasa, saboda sauƙinsa. Sau ɗaya ake sauke shi daga intanet da umarnin pip install pytest, daga nan sai ya yi ta aiki a kwamfutar hannu ko da wutar da ake jawowa daga Boali ta ɗauke.

Da fari a buɗe fayil mai suna test_zakka.py, sannan kowace jarrabawa ta zama aiki guda mai farawa da test_, domin da wannan alama pytest yake gano su da kansa. A cikinta a kira aikin lissafin, a rubuta assert tare da amsar da aka riga aka samo da alƙalami, ko aka tabbatar a wurin malami.

To, ga inda ya kamata a tsananta bincike, wato kan iyakar nisabi. Mu ƙaddara nisabin bana faran 4,000,000 ne. Wanda ya mallaki daidai wannan adadi, shekara kuma ta kewayo, rubu'in ushuri ya hau kansa, wato 100,000. Wanda yake da 3,999,999 kuwa babu kome a kansa. Sau da yawa marubuci yakan sa alamar "ya fi" a gurbin "ya kai", alhali tsakaninsu akwai hukuncin shari'a sukutum, kuma jarrabawar da ta tsaya a kan iyakar ce kaɗai za ta tona wannan kuskure. Irin waɗannan mas'aloli a jera su a ƙarƙashin alamar parametrize ta pytest, farashin zinariya kuwa, wanda da shi ake ƙiyasta nisabin, da yake jarrabawa da dama suna bukatarsa, a ajiye shi wuri ɗaya a fayil mai suna conftest.py.

Daga nan a rubuta pytest a danna. Ɗigo yana nufin an ci, harafin F yana nufin an faɗi, tare da bayanin abin da aka zata da abin da ya fito. Kafin a amince da ɗigon, a ɓata lissafin da gangan a ga F ya bayyana, sannan a mayar da shi yadda yake a sake gudanarwa.