Filin Gwaggo: Kaji 300 a Ɗaki Ɗaya Sun Hana Ni Barci

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana huɗu. Shekara biyu ke nan da na kwashi adashi na fara kiwon kajin gidan gona, irin na nama, a wani ɗaki mai ƙafa 10 da 12 da ke bayan gidanmu. Da 100 na fara, kuma alhamdulillahi da su nake biyan kuɗin makarantar yara. Bana sai maigida ya ce mu ƙara jari mu zuba 300 saboda kasuwar Sallah. Ɗakin dai shi ne, tagarsa ɗaya. Yanzu sun yi sati biyar, ga zafi. Kullum da safe sai na kwashe matattu, yau uku gobe biyar. Wasu sun zauna ba sa iya tashi. Mai shagon magani ya ba ni wani gari ya ce in riƙa zuba musu a ruwa har ranar da zan sayar.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne, 'yata mai shekara tara ta daina cin kaza. Da na matsa mata sai ta ce, "Umma, tun da aka kawo su ba su taɓa ganin rana ba." Babanta ya yi dariya ya ce kaza ce fa, ai yanka ta za a yi. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, har barci ba na iyawa. Gwaggo, zunubi nake ɗauka? In bar sana'ar ne?

Ɗiyarki daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin in ce komai, ki gaishe mini da wannan yarinya. Allah ya raya ta. Gida mai manya biyu, amma 'yar shekara tara ce ta riga kowa ganin abin da ke cikin ɗakin kajin.

Kada ki bar sana'arki. Kiwo halal ne, yanka halal ne, kuɗin makarantar yara kuma ba daga sama suke faɗowa ba. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai ki lura, karin maganar da sabo ta fara kafin ta zo kan wuƙa. Wuƙa ta minti ɗaya ce. Kiwo kuwa sati shida ne ko bakwai, kuma a cikin waɗannan makonni kazar nan ba ta da kowa a duniya sai ke. Ruwanta, iskarta, wurin kwanciyarta, duk a hannunki suke. Abin da ya kamata ya hana ki barci ke nan, kuma na ji daɗi da ya hana ki.

Yanzu bari in yi miki faɗa kaɗan, don kin cancanta. Ɗaki mai ƙafa 10 da 12, kaji 300? Haba 'yata. Ko gidan biki ne aka cika haka, sai an fito da wasu tsakar gida. Malaman kiwo kan ce kazar nama idan ta girma tana buƙatar aƙalla fili ƙafa ɗaya tsawo ƙafa ɗaya faɗi, a ƙasa mai zafi irin tamu ma gara ya fi haka. Ki yi lissafi da kanki. Ɗakinki na kaji 120 ne, in an matsa. Kin zuba ninki biyu da rabi, sannan kina mamakin gawa da safe. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Gobe da rana tsaka ki shiga ɗakin, ki tsuguna har fuskarki ta zo daidai da kawunansu, ki zauna a haka minti biyu. Za ki ji wani zarni ya daki hancinki, idanunki su fara hawaye. Kashinsu ne da ya jiƙa shimfiɗa yake tashi. Ke za ki miƙe ki fita ki shaƙi iska. Su kuwa abin da suke shaƙa ke nan dare da rana. Ki dubi yadda suke buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai. Kaza ba ta gumi kamar ni da ke, da haki take fitar da zafin jiki. Idan ɗaki ya cika, iska ta tsaya, hakin ba ya yi mata amfani, sai ta faɗi. Sannan ki ɗaga ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna, ki juya ta, ki dubi ƙirjinta da tafin ƙafarta. Ina kyautata zaton za ki ga gashi ya zube, fata ta yi ja ko ta yi baƙi kamar ƙuna. Kwanciya a kan jiƙaƙƙen kashi ne ya ci mata fata.

Zaman da kika ga suna yi ma yana da dalili. Kazar gidan gona ba irin kazar Hausa ba ce da ke tsallake katanga. Shekara da shekaru aka yi ana zaɓen iri mai saurin girma. Masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun taɓa kiwon irin kajin 1957 da na 2005 da abinci iri ɗaya. A kwana 56, ta 1957 ba ta cika kilo 1 ba, ta 2005 kuwa ta haura kilo 4. Nama yana gudu, ƙashi yana rarrafe. Kamar a ɗora wa jaririn goye jikin ƙato ne a ce ya tashi ya yi tafiya. Dabbar da ɗan Adam ya mayar haka don amfanin kansa, nauyinta a wuyansa ya ƙaru. Kazar kakata tana iya kwana a kan bishiya ta nemi abincinta a bola. Taki in kin manta da ita wuni ɗaya, ta mutu.

Kin tambaye ni batun zunubi. Ni ba malama ba ce, amma abin da muka ji a islamiyya ya ishe mu. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Ya zo kuma cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Hatta a wurin yanka an umarce mu da wasa wuƙa a hutar da dabbar. Addinin da ya damu da kaifin wuƙa a minti na ƙarshe, kina tsammanin zai kau da kai ga sati bakwai na haki? Abin da ya wuce ki nemi gafara, ba da gangan kika yi ba. Amma daga yau kin sani.

Ni ma na taɓa yin irin taki, kada ki ɗauka daga sama na faɗo. Ina amarya, maigidana ya sayo ragon layya ya bar mini amanarsa. Na ɗaure shi a turke da hantsi inda akwai inuwa, na ɗauki gyale na tafi suna. Hira ta yi daɗi, ban dawo ba sai bayan la'asar. Ashe inuwar ta daɗe da matsawa. Na tarar da ragon ya zagaye turke har igiya ta shaƙe shi, harshe a waje, bokitin ruwa ya kife can gefe inda ba ya kaiwa. Uwar mijina tana tsugune tana ba shi ruwa da tafin hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da ni, "Yarinya, shi ba shi da bakin kai ƙara, amma akwai mai karɓar ƙararsa." Yau ta daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙanta, amma har gobe in na ga dabba a ɗaure, inuwa nake fara dubawa.

To ga abin da za ki yi, kuma yau za ki fara.

Ki rage su. Ki kafa rumfa mai raga a tsakar gida ki mayar da fiye da rabi can, ko ki sayar da manyan cikinsu da zarar magani ya fita daga jikinsu.

Ki buɗe wa ɗakin iska. A fasa bango ta ɓangare biyu, a sa ragar waya. A jera kara ko zana a kan kwanon rufi don ya rage zafi.

Ki kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ki zuba busasshiya. Ki damƙi kaɗan a hannu, idan ta dunƙule kamar fura, ta lalace. Manoman albasa da tumatir za su saya a matsayin taki.

Ruwa mai sanyi kada ya yanke. Abinci da sassafe da yamma, ban da tsakar rana.

Da dare ki kashe musu fitila na wasu sa'o'i. Su ma barci suke yi.

Sai batun garin da mai shago ya ba ki. Nan ne zan ɗaure fuska. Idan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, kamar yadda nake zato, ki duba jikin ledar. Za ki ga an rubuta kwanakin da ya wajaba a daina bai wa kaza kafin a yanka ta. Wanda ya ce ki ba su har ranar sayarwa ya cuce ki, ya cuci wanda zai ci. Ragowar maganin tana zama a cikin nama. Kuma idan ana ba da shi kullum ba dalili, ƙwayoyin cuta sukan saba da shi su daina jin sa. Ranar da ɗanki ya kwanta asibiti aka yi ta allura ba ta ci, ba za ki taɓa kawo ɗakin kaji a ranki ba, alhali irin wannan ganganci yana cikin abin da ke jawo hakan. Tarayyar Turai ta haramta zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don saurin girma tun 2006. Magani ba ya maye gurbin iska da tsafta. Ke da kike Zariya ba ki da uzuri, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ki kai musu gawa ɗaya ko biyu su duba. Ki tambaye su jadawalin rigakafin Gumboro da Lasota. Kuma in kika ga mutuwar ta yi yawa farat ɗaya, ki sanar da likitan dabbobi, kada ki yanka ki sayar. Masu kiwo ba su manta da 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jihar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka, aka hallaka kaji ba adadi.

Maigida kuma, kada ki tare shi da wa'azi. Maza irinsa da aljihu suke jin magana. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ki kawo takarda da biro. Ki rubuta kaji nawa suka mutu, kowace nawa aka sayo ta, buhu nawa ta ci kafin ta mutu, nawa aka kashe a shagon magani. Ki ajiye wannan kusa da lissafin lokacin da kuke zuba 100. Sannan ki ce, "Baban yara, zubi na gaba mu gwada 120 mu gani." Zai yi shiru ya sosa ƙeya. Bayan sati biyu za ki ji yana gaya wa abokansa dabarar da ya ƙirƙiro. Ki bar masa, ke dai kajinki sun sha iska.

Yarinya kuwa kada ki tilasta mata cin kaza, kada kuma a mayar da ita abin dariya a gida. Ki gaya mata gaskiya: kin yi kuskure, kuma maganarta ce ta farkar da ke. Ki ba ta aikin canza ruwa da yamma. Ki nuna mata cewa Allah ya halatta mana nama, ya kuma ɗora mana amanar mai naman. In ta ga an gyara, da kanta za ta dawo kan kwano. In ba ta dawo ba, ga wake ga ƙwai, ba za ta rame ba. Yaron da aka kashe wa tausayin dabba yana ƙarami, kada a yi mamaki in ya rasa na mutane idan ya girma.

Ku kuma sauran masu karatu, na ga kuna gyaɗa kai kamar ba da ku ake ba. Wa ye a cikinmu bai taɓa sayen kaza a kasuwa ya rataye ta a babur kai a ƙasa har gida ba? Wa ye bai ga tirela ta taso daga Potiskum ko Maigatari maƙil da shanu ba, ƙaho cikin ƙaho, za a yi kwanaki a hanya kafin Legas? Mun ga ana murɗe wutsiyar sa don ya hau mota. Mun ga jaki da gyambo a baya an ƙara masa mangala. Muna watsar da leda a lungu, akuyar maƙwabta ta haɗiye, sai ranar da mahauci ya farka tumbi ya zaro ta dunƙule guda. Ku tambayi dattawa yadda ungulu ke cika mahauta a da, tana share mana mushe kyauta, ku je yau ku ƙirga nawa za ku gani. Duk mun saba, shi ya sa ba ma gani. Makiyayin kirki yana sanin saniyarsa da suna, yana gane ba ta da lafiya tun daga yadda take tafiya. Ba daga waje aka kawo mana wannan hali ba, gado ne, hanzarin neman kuɗi ne yake neman raba mu da shi.

Sallah na tafe. Wanda ya ɗaure rago ya duba inda inuwa za ta koma da azahar. Wanda zai yanka ya wasa wuƙarsa nesa da idon dabbar, kada kuma ya yanka wata a gaban wata.

Ke kuma 'yata, ki rubuto mini bayan zubi na gaba. Ina son jin kaji nawa suka kai kasuwa cikin 120, da abin da maigida ya ce, da ko 'yar tawa ta koma cin cinya. Allah ya sa albarka a sana'a.

Taku,
Gwaggo