Ƙaramar Mesa da Sanyi

Yara, kun san ƙaramar mesa? Tana zaune a dajin Gana, Togo da Benin. Ba ta da dafi. In ta ji tsoro, sai ta dunƙule kamar ƙwallo.

Daga Akra an sha kai ta Turai cikin jirgin sama. Can ana kiwonta a gida.

Jikin mesa ba ya yin ɗumi da kansa, ɗumin wuri yake ɗauka. A Nima da Mamobi, unguwannin Akra, akwai ɗumi ko da hunturu. A Faransa kuwa, sanyi yakan daskarar da ruwa. Dole mai kiwo ya ɗumama akwatinta: gefe ɗaya digiri 31, ɗayan digiri 26.

Ɗiyar mesa tana cin ɓera ɗaya kowane mako. Babba tana ci sau ɗaya cikin mako 2. In sanyi ya kama ta, abinci ba ya narkewa a cikinta. Sai ta amayar da shi, ciwo ya kama ta. Don haka, a ba ta ɗumi kafin a ba ta abinci.

Kalmomi
mesa: le python
ɓera: la souris

Tambayoyi
1. Sau nawa babbar mesa take ci?
2. Me ya sa ake ɗumama akwatinta?