Amsoshin Tambayoyinku: Yaro Ya Ƙi Shiga Cikin Manyan 'Yan Sikawut

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce ɗanta ya kai shekarun barin rukunin ƙananan 'yan Sikawut, amma ya ƙi shiga cikin manya. Yaya za ta yi?

To Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba a kansa aka fara ba. Baden-Powell da ya kafa ƙungiyar a Ingila a 1907, samari ya nufa da ita, sai a 1916 aka buɗe wa ƙannensu nasu rukunin. A can, ƙananan kan fara daga shekara 8, su hau gaba a shekara 10 da rabi.

Ni a ganina, girman da zai rasa ne ke damunsa. Wataƙila yau shi ke jagorantar yara shida, ana jin maganarsa. Gobe ya koma ɗan auta a tawagar da yara manya ke jan ragamarta, su kafa tanti, su dafa abincinsu da kansu a sansani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar yaro.

Don Allah kada ki tsawata masa. Ki samu malaminsu, ki roƙi a bar shi ya riƙa zuwa taron rukunonin biyu na 'yan makonni, har idonsa ya saba. In da hali, ya hau tare da abokinsa, a sa su tawaga ɗaya, kuma shugaban tawagar ya zo da kansa ya karɓe shi ranar hawan. In lokacin zuwa sansani ya yi, ki bar shi ya haɗa jakarsa da hannunsa.