Kuɗin Caca Da Takardar Haraji A Amurka

Darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala da ke samun Musulmi mazauna ƙasar Amurka, har da Hausawan da neman ilmi ko neman abinci ya kai su birane irin su New York. Mas'alar kuwa ita ce, mutum ne Shaiɗan ya ruɗe shi ya yi caca ya ci kuɗi, daga baya ya yi nadama, ga shi kuma lokacin cika takardar haraji ya zo. Shin zai rubuta kuɗin nan ne, ko kuwa zai ɓoye su tun da yake haram ne?

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda dokar ƙasar take. A Amurka mai samun kuɗi shi ne yakan rubuta abin da ya samu a shekara, ya aika wa hukumar tara haraji, watau IRS, galibi kafin ƙarshen ranar 15 ga watan Afrilu. Doka ta ɗauki abin da aka ci a caca a matsayin samu, daidai da albashi ko ribar kasuwa, ko kuɗi ne ko mota, ko kaɗan ko da yawa. In abin ya kai wani adadi, gidan cacar yakan ba mutum wata takarda mai suna W-2G, ya kuma aika wa hukuma kwafinta. A cacar tikiti, in abin da aka ci ya wuce dala 5,000, ana cire kashi 24 cikin 100 tun kafin kuɗin su kai hannun mai su. Har wa yau, tun a 1927 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci cewa ko kuɗin da aka samu ta hanyar karya doka ba su kuɓuta daga haraji ba. Caca kuwa ta ƙara yaɗuwa can tun daga 2018, sa'ad da kotun nan ta soke dokar tarayya da ta hana jihohi halatta cacar wasanni.

To, ina batun hasara? A nan ne ɗan caca yakan gane kurensa. Doka ba ta yarda ya haɗa ci da hasara a cikin ransa ya rubuta abin da ya rage kurum ba. Sai ya rubuta abin da ya ci, sa'an nan ya nemi ragi saboda hasarar a wani shafi dabam. Ba ya samun ragin nan sai in ya zaɓi ya jera abubuwan da yake neman ragi a kansu ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa mafi yawan jama'a ragin bai ɗaya suke karɓa. Lalle ne kuma ya nuna shaida, kamar rasit da tikiti da littafin da ya rubuta rana da wuri da adadi. Ragin kuma ba ya wuce abin da ya ci. Wanda ya ci dala 2,000 aka cinye masa dala 7,000, sauran hasarar tasa ce shi kaɗai. Bugu da ƙari, dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga watan Yuli 2025 ta ce daga shekarar 2026 kashi 90 cikin 100 na hasarar kaɗai za a lissafa. Misali, wanda ya ci dala 10,000 ya kuma yi hasarar dala 10,000, bai ƙaru da ko anini ba, amma za a bi shi haraji a kan dala 1,000.

A wajen shari'a, haramcin caca ba shi da saɓani. An ambace ta tare da giya a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, sa'an nan aka yanke hukuncinta a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, inda aka bayyana illarta ta haddasa gaba tsakanin mutane da shagaltar da su ga barin salla. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca, sai ya ba da sadaka saboda maganar kawai. To, ina ga wanda ya aikata?

Daga nan hukunci biyu suke fitowa. Na farko, biyan haraji ba ya tsarkake kuɗin caca. Don hukuma ta karɓi rabonta ta buga hatimi, wannan bai mai da saura halal ba. Malamai sun ce dukiyar haram ba mallakar mai riƙe da ita ba ce, saboda haka ba a fitar mata da zakka, rabuwa ake yi da ita. In an san mai ita a mayar masa. In kuwa ba a sani ba, kamar yadda yake a cacar tikiti, sai a ba matalauta ko a sa a aikin da zai amfani jama'a, da niyyar sauke nauyi, ba da niyyar neman ladan sadaka ba.

Na biyu, haramcin kuɗin ba ya halatta ƙarya. Takardar harajin Amurka ana sa mata hannu ne bisa shaidar cewa abin da ke ciki gaskiya ne, da hukunci a kan wanda ya yi ƙarya. Musulmin da ya shiga ƙasa da izinin hukumarta ya ɗauki alkawarin bin dokokinta a cikin abin da ba saɓon Allah ba ne, kuma surar nan da ta haramta caca ita ce ta buɗe da umurnin cika alkawari. Wanda ya ɓoye kuɗin ya ƙara zunubin ƙarya da cin amana a kan zunubin caca, ya kuma jawo wa kansa tara, ya zubar da mutuncin 'yan'uwansa. Ba a wanke najasa da fitsari.

Akwai kuma abin lura ga mai tuba. Ko da ya rabar da kuɗin ƙaf, hukuma tana nan a kan cewa ya samu, ragin da ake yi saboda kyauta kuwa yana da iyaka da sharuɗɗa. Saboda haka hankali shi ne ya fara sanin abin da za a bi shi na haraji ya ware shi, kana ya rabu da saura, don kada Afrilu ya zo ya iske shi yana taɓa abincin iyalinsa. In lissafin ya shige masa duhu, ya tambayi masanin haraji, kamar yadda zai tambayi malami a kan hukunci.

Bayan wannan sai cika sharuɗɗan tuba, watau barin aikin nan take, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. Allah Ya kiyashe Musulmi daga cin haram, Ya wadata su da halal, amin.