Cajar Kwamfuta: Ba Kowace Ta Shiga Ce Ta Dace Ba

Darasinmu na wannan fitowa a kan cajar kwamfutar tafi-da-gidanka ne. Wani zai ce, me ya haɗa manomi da wannan? To, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Yaron Kiyako ko na Gwaram da yake so ya shiga jami'a, lalle ne hannunsa ya saba da ita. Domin haka iyaye sukan sayar da riɗi ko rago su sayo ta hannu daga Kano. Sakatarorin ƙungiyoyin manoma da na majami'u ma da ita suke lissafi. Irin waɗannan kwamfutoci kuwa sau da yawa ba da cajarsu ta asali suke zuwa ba, ko kuwa ta asalin ta ƙone, sai a shiga aro wurin maƙwabci. Nan ɓarna take farawa.

Wutar da KEDCO take kawowa mai ƙarfin bolt 230 ce. Yawancin kwamfutocin nan kuwa bolt 19 zuwa 20 suke sha. Aikin caja shi ne ta sauko da wutar daidai cikinsu. Ku juya bayan cajar, za ku ga rubutu ƙanana. Ku nemi inda aka rubuta OUTPUT, watau abin da take fitarwa. Akwai lamba mai harafin V, ita ce bolt, da mai harafin A, ita ce amfa. Sa'an nan ku kifa kwamfutar, ku nemi inda aka rubuta INPUT, watau abin da take bukata. A wasu tsofaffi sai an cire batir ake ganinsa.

Duk wanda ya yi noman rani zai gane wannan. Bolt kamar ƙarfin turin injin ban ruwa ne. In turin ya fi ƙarfin mesa, sai ta fashe. Amfa kuwa kamar yawan ruwan rijiya ne. Rijiya mai ruwa da yawa ba ta cutar da injin, gama abin da yake bukata kaɗai yake ja. Mai ƙarancin ruwa ita ce matsala. Saboda haka bolt ya zama daidai, amfa kuwa ya zama daidai ko ya fi, kada ya kasa. Yawancin HP da Dell bolt 19.5 ne, Lenovo 20, Acer da Asus 19. In kun ninka bolt da amfa za ku sami wat, mai harafin W. Misali 19.5 sau 3.34 ya ba da wat 65, 19.5 sau 4.62 kuma wat 90. Kwamfutar wat 65 za ta zauna lafiya da cajar wat 90. Amma in aka ɗora ta wat 90 a kan cajar wat 65, cajar za ta yi ta zafi, batir ya ƙi cika in ana aiki.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne HP da Dell. Bakin cajarsu girma ɗaya ne, bolt ɗinsu ma ɗaya. Ta wannan takan shiga ramin waccan sumul. Amma ku leƙa cikin bakin, za ku ga wata 'yar siririyar allura a tsakiya. Ta wannan allura ce caja take gaya wa kwamfuta ko ita wace ce, kuma kowane kamfani da harshensa. In Dell ba ta gane cajar ba, takan kunnu, amma ta ƙi cika batir, ta kuma riƙa tafiyar hawainiya. Mai ita sai ya ɗauka batir ne ya mutu, ya sayo sabo, kuɗi su tafi a banza. Haka ma in allurar ta lanƙwashe ko ta karye, ko da cajar ta asali ce. Mai Dell ya danna F2 lokacin da take tashi, zai ga shafin da yake nuna wat nawa ta gane. In ba ta nuna lamba ba, a fara zargin caja kafin batir.

Akwai cajar nan mai bakuna da yawa da maɓallin turawa daga bolt 12 zuwa 24, wadda ake cewa ta kowace kwamfuta ce. Mu dai ba ma son ta a gida mai yara. Ɗan yatsa ɗaya ya isa ya kai maɓallin kan 24, shi ke nan ragon da aka sayar ya tafi.

Sababbin kwamfutoci da baki irin na wayar hannu suke zuwa, wanda ake kira USB-C. A nan caja da kwamfuta su ne suke daidaita bolt a tsakaninsu, haɗarin ƙonewa kaɗan ne. Sai dai cajar waya sau da yawa ba ta kai bolt 20 ba, igiya ta kullum kuma ba ta ɗaukar fiye da wat 60.

In caja ta ƙi aiki ɗungum, kada a yi saurin yar da ita. A canza soket, a gwada wata igiyar bango, gama filogi mai ƙafa uku yana da fis a ciki, yakan tsinke. In fitilar cajar tana ci, amma da an soka ta a kwamfuta sai ta mutu, a tsaya nan. Ciwon yana cikin kwamfutar ne, a kai ta wurin mai gyara, kada a ci gaba da gwada cajar mutane. Masu janareta su bari ya daidaita kafin su jona, su kuma cire kafin su kashe. Kada a ɗora caja a kan katifa ko a rufe ta da zane, balle a watannin bazara.

Mai zuwa sayen caja a Birnin Kudu ko kasuwar Farm Centre ta Kano, ya tafi da kwamfutar. A jona a gabansa, ya jira har ya ga lambar batir ta ƙaru. In saƙo za a ba direba, a ɗauki hoton rubutun ƙasan kwamfutar da na ramin cajar da waya, a tura wa mai shagon tukuna.